Haƙorin da cokali ya karya

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar gwamnati ne a cikin garin Tawa, ina koyar da SVT, wato ilimin halittu da na ƙasa, a wata CEG, wato ƙaramar makarantar sakandare. Shekarata 17 da alli a hannu, bakwai na farko a ƙauye ina ɗan kwantiragi. Ba zan faɗi sunana ko sunan makarantar ba, domin akwai 'ya'yan mutane a cikin labarin. Sai da na nemi izinin maiɗakina kafin in rubuta, don ita ta sha wuyar abin fiye da ni. Ta ce in rubuta, amma kada in wanke kaina a ciki.

Duk wanda ya gan ni ina dariya zai lura haƙorina ɗaya na gaba a gutsure yake. Na daɗe ina ce wa mutane faɗuwar babur ce. Na faɗi da babur kam, amma haƙorin ya tsira daga wannan faɗuwar.

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, ina dawowa daga ƙauyenmu ta wajen Bambeye da buhun gero a baya, yashi ya kwashe ni, babur ya danne mini ƙwauri. Ƙashi ya karye. Aka ɗaure ƙafa a asibiti, likita ya rubuta mini takardar magani: tramadol mai lamba 50, wato miligiram 50, kafso ɗaya da safe ɗaya da dare, na kwana bakwai. Bawan Allah ya yi aikinsa yadda ya kamata, ba ni da ta cewa a kansa. Kwana bakwai suka cika, ciwo bai tafi ba. Na aiki ƙanena farmasi, suka ce sai da sabuwar takarda. Komawa wajen likita kuwa sai an ciccibe ni an sa a adaidaita, a biya kuɗin gani, a bi layi cikin rana. Ana cikin haka wani maƙwabci da ya zo duba ni ya ce, "Haba Malam, don tramol za ka wahalar da kanka? Ga shi can bakin tasha kamar gyaɗa." Da la'asar sai ga ɗansa da kati ɗaya a naɗe cikin takarda.

Ban duba lambar da ke jikin katin ba. Ni da nake zana ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a allo ga 'yan ajin ƙarshe masu shirin BEPC, jarrabawar gama CEG, ban juya katin na karanta ba. An rubuta 225. Ƙwaya guda ta fi huɗu na abin da likita ya ba ni.

Ƙafa ta warke, na ajiye sanda, amma katin bai bar aljihuna ba. Abin da ya sa yake da wuyar ganewa shi ne ba ya sa ka tangaɗi irin na mashayin giya. Ni dai ƙarfi nake ji. Aji uku gare ni, kowanne yara sun haura 80, sai in zauna bayan isha'i in gyara takardunsu duka a dare ɗaya. Na ƙara darasin yamma a gidajen masu hali don in biya bashin jinya. Darakta yana yabona a taron malamai, wai ku dubi wane, daga karaya ya taso amma ya fi mai ƙafa biyu himma. Da safe in tsaya wajen mai shayi, a haɗa mini Nescafé mai kauri, in kora. Yaron da ke yawo da tiren magani a ka ya san ni har ba ya jira in yi magana, sai ya rage murya ya ce, "Mushe, na kullum?" Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma uku. Lissafin da ban taɓa yarda na yi ba a lokacin shi ne uku sau 225, wato 675, alhali iyakar abin da likita zai yarda babban mutum ya sha a yini guda 400 ne, shi ma a rarrabe kuma don ciwo mai tsanani.

Na rame. Bayan gida ya zama mini aikin kwana uku. Jikina yana ƙaiƙayi, abu kaɗan in hau yara da faɗa a gida. Duk da haka da wani zai ce mini ɗan ƙwaya a lokacin, da mun yi shari'a. Ɗan ƙwaya a ganina shi ne yaron tasha mai jajayen idanu da yagaggen wando. Ni magani nake sha, wanda likita da kansa ya fara rubuta mini. Wannan kalmar ta magani ita ce bargon da na lulluɓa da shi kusan shekara biyu.

Azumi ne ya fara tona ni. Na farko na lallaɓa, ina haɗa biyu da sahur. A na biyu abin ya gagara. Kafin la'asar hamma ta kama ni ba ƙaƙƙautawa, hanci yana zuba, idanu suna hawaye, gumi mai sanyi a bayana alhali ana zafin da kwalta ke narkewa. Ƙafafuwana ba sa zama wuri ɗaya, kamar tururuwa na yawo cikin ƙashi. Na ce wa maiɗakina masassarar cizon sauro ce. Abin da har gobe nake jin kunyarsa shi ne lokacin buɗa baki. Ladan zai kira, ga dabino ga kunu a gabana, yara sun zuba ido suna jira in ce bismillah, ni kuwa sai in tashi in shiga ɗaki wai zan ɗauko carbi. Da ƙwaya nake buɗe baki, sannan in fito in ɗauki dabino.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki na faɗi. Ba na tuna komai, abin da aka gaya mini nake faɗa. Ina alwalar magariba a tsakar gida, sai na yi wata ƙara na kife kan buta, jiki ya sandare, sannan ya hau jijjiga, kumfa tana fita. 'Yata ta fari, tana da shekara tara a lokacin, ita ce a kusa. Maƙwabta suka cika gida. Wani ya kwara mini ruwa, wani ya danne ƙafafu, wani ya kawo cokali ya tura mini a baki don kada in ciji harshe. Nan haƙorin ya tafi. Wata tsohuwa tana ta janye yara wai kada miyau ya taɓa su su ɗauka. Inna da aka kira daga ƙauye washegari ta zo da rubutu da turare, ta ce dama ta faɗa, wurin da na faɗi da babur ba wurin wucewa ba ne da yamma.

A gidan likita na unguwa, manjon da ya duba ni, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ɗalibina ne na da, na koyar da shi a ƙauye. Ya sallami kowa daga ɗakin har da maiɗakina, ya ja kujera ya zauna kusa da gadon, bai kalli idona ba saboda kunya. Ya ce, "Mushe, ka gafarce ni. Guda nawa kake sha a rana?" Na buɗe baki zan yi ƙarya, harshena ya taɓa gurbin haƙorin, sai na kasa. Na ce uku, wani lokaci huɗu. Ya ce ai ni ne na uku da aka kawo masa da irin wannan faɗuwar a watan, sauran biyun ɗan kabu-kabu ne da wani mai dakon albasa.

Shi ya hana ni yankewa rana ɗaya kamar yadda na rantse zan yi. Ya haɗa ni da likita, aka mayar da ni kan mai lamba 50 na farmasi, ana ragewa sannu a hankali mako bayan mako, maganin kuma a hannun maiɗakina yake, ita ke ƙirgo mini. Ba zan tsawaita a kan waɗannan makonnin ba. Rashin barci, zawo, baƙin ciki marar dalili, da wata irin kasala da ɗaga buta ma aiki ne. Ta jure. Rannan cikin dare na roƙe ta ƙari har da hawaye, ta ce, "Malam, ko za ka sake ni yau, ba zan ba ka ba." Ta sa mabuɗin akwati cikin zaninta ta juya mini baya.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, na zo kan darasin tsabtar jijiyoyi. Abin da muke yi shekara da shekaru shi ne mu karanto wa yara 'yan layuka da Faransanci a kan taba da giya da miyagun ƙwayoyi, su kwafa, su haddace, su zubo mana a ranar jarrabawa, mu ba su maki. Minti 20 ya ishe shi. A wannan shekarar na shiga da zafina, irin zafin sabon tuba. Na ajiye littafi na juya Hausa, na ce duk wanda ya sha tramol ƙarshensa hauka ne ko kabari, babu na uku. Na kawo labarin masu yawo tsirara a kasuwa. Ina cikin yi, wani yaro a bencin baya, dogo, wanda ba ya cika magana, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Mushe, babana tun ina firamare yake sha. Bai haukace ba, bai mutu ba. Shi ke biya mini kuɗin littafi."

Ajin ya yi tsit. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, don na gane ba shi kaɗai ba ne. Na duba fuskokin nan fiye da 80, na san a cikinsu akwai 'yar mai dako, akwai ɗan mai turin kura, akwai ƙanen wanda ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, akwai wanda wansa ke cikin ramin zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. Sun san launin kowane kati da kuɗinsa, sun san wanda ake jefawa a shayi a fada. Ni na zo ina ba su tsoro da abin da suke gani kullum a aljihun mutumin da ke ciyar da su. Kuma yaron ya fi ni gaskiya. Ni kaina na sha kusan shekara biyu ina tsaye a gabansu da alli, babu wanda ya ce na haukace. Na ce masa ya zauna, za mu ci gaba wani mako. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Mako na gaba na shigo da leda cike da katuttukan da aka shanye, waɗanda na tsinto a bakin tasha da bayan filin ƙwallo, da kuma kwalin mai lamba 50 na farmasi da takardar bayaninsa. Na raba wa kowane benci. Na ce yau ba wa'azi, karatu za mu yi. Ku nemo mini suna, ku nemo lamba, ku nemo ƙasar da aka yi shi. Nan da nan aji ya kaure: wannan 120 ne, wannan 200, namu 225, Mushe ga 250. Kusan duka an rubuta Indiya. Na rubuta 50 a gefen allo, 400 a ɗaya gefen, na ce wa zai gaya mini guda nawa na 225 ake buƙata a wuce iyakar babban mutum? Wata yarinya ta ce biyu ma sun wuce. Ta faɗa, sannan ta rufe baki da mayafi, na san wani take tunawa.

Daga nan na gaya musu gaskiyar da ban faɗa ba a makon farko. Tramadol magani ne na gaske. Wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ne ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977, kuma wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji yana samun sauƙi da shi. Dangin morfin ne, yana toshe saƙon ciwo kafin ƙwaƙwalwa ta ji shi. Ban da wannan yana kuma tara wasu sinadarai biyu da jijiyoyi ke aika saƙo da su, serotonin da noradirenalin, shi ya sa mai shansa yake jin kuzari da nishaɗi, shi ne kuma yake jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan ya yi yawa. Hanta ce ke juya shi ya koma wani abu da ya fi shi ƙarfi, kuma hantar kowa da saurinta. Abokai biyu za su raba kati ɗaya, wannan ya tashi ya hau babur, wancan numfashinsa ya yi ta raguwa cikin barci. Idan aka haɗa da diyazefam ko giya ko ruwan kodin, numfashin ne ake dannewa ta hanya biyu. Na ce musu tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, ko da likita ne.

Na juya wajen yaron bencin baya na ce, babanka bai yi ƙarya ba, ƙarfin yana jin sa. Amma kun san wanda hatsinsa ya ƙare da bazara, ya je ya ci bashin tiya goma, da kaka a zo a auni ashirin a bakin rumbunsa? Duk suka ce sun sani, wa bai sani ba a Adar. Na ce gajiyar da ƙwaya ta ɓoye tana nan, ba ta je ko'ina ba, jiki yana rubutawa. Kuma jijiyoyi suna sabawa, abin da ɗaya ta yi bara sai biyu bana. Ranar da babu kuɗin saye, ba ƙarfin ne kawai zai tafi ba, mutum ba zai iya ko tashi ba. Yaron ya ce a hankali, "Ranar da bai samu ba, ba mai shiga ɗakinsa." Na ce na sani. Sai na ɗaga leɓena na nuna musu haƙorin, na ba su labarinsa na gaskiya.

Ban yi shawara da kowa ba kafin in yi haka, kuma ba zan ce kowane malami ya yi ba. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Darakta ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya ce shi ba ya son fitina da iyaye, kuma abin da na yi ba ya cikin tsarin karatu, idan sufeto ya ji shi za a tambaya. Bayan kwana biyu shugaban ƙungiyar iyayen yara ya zo da mutum huɗu. Ƙorafinsu biyu ne: ina koya wa yara sunayen ƙwaya, kuma mutumin da ya taɓa sha bai kamata a bar masa 'ya'yan mutane ba. Na biyun ya yi mini ciwo, amma ban ga laifinsu ba. A kan na farko na ce su kira kowane yaro daga ajin shekarar farko, wanda ban taɓa koyarwa ba, su tambaye shi. Aka kira wani ɗan ƙarami da ke wucewa da tsintsiya. Ya lissafo suna biyar, har da biyu da ni ban sani ba. Wani dattijo a cikinsu, limamin wani masallacin unguwa, ya yi shiru can ya ce, "To Malam, mu ne ba mu sani ba ashe." Ya karanto ayar Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa, ya ce a bar ni in ci gaba, amma a riƙa sanar da iyaye kafin darasin. A kan haka aka tashi. Ɗaya daga cikinsu har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Tun daga nan kowace shekara ina ware sa'o'i uku, ina matse su daga wasu darussa, don babu wanda ya ba ni su. Abin da ya fi amfani a ciki kwalin sukari ne da na huda wa baki, kowa ya jefa tambaya ba suna. A nan na san girman abin. Wani ya tambaya ko gaskiya ne yana taimaka wa hadda daren jarrabawa. Wani ya ce a ƙauyensu ana jefa wa shanun huɗa da jakai a ruwa, ko naman zai cutar. Masu ƙwallo da masu sha'awar kokowa suna tambayar ko 'yan wasan Turai ma suna sha, sai in gaya musu daga 1 ga Janairu 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni na duniya, ta haramta tramadol a lokacin gasa, wanda aka kama a jikinsa dakatar da shi ake yi. Wannan yana shigarsu fiye da labarin kabari. Wani kuma ya jefo katin da ban taɓa gani ba, an rubuta tapentadol da carisoprodol. Sai da na kai wa wani mai farmasi ya bayyana mini: tun da Indiya ta tsananta dokar fitar da tramadol a 2018, 'yan fasa-ƙwauri suka fara shigo da wannan haɗin, dangin morfin ne da maganin sakin tsoka a ƙwaya ɗaya, yara kuma duk tramol suke kiransa.

Kwalin ne kuma ya nuna mini na manta da rabin ajin. Takardu da yawa da rubutun 'yan mata ba su ambaci tramol ba sam, maganin ƙiba suke tambaya. Wata ta rubuta cewa an sa ranar yayarta, gwaggonsu ta kawo mata wasu ƙananan ƙwayoyi don ta cika kafin biki, yanzu fuskarta ta kumbura ta yi zagaye. Deksametazon ne, maganin da likita ke bayarwa don asma da kumburi. Abin da ake gani kamar ƙiba ruwa ne da kitsen da ke taruwa a fuska da ciki, a bayansa kuma akwai hawan jini, ciwon sukari, raunin ƙashi da raunin garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe tana sha idan ta yanke rana ɗaya tana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Wannan ba maganar da namiji zai yi da 'yan mata a gaban samari ba ce. Na roƙi abokiyar aikina mai koyar da EFS, darasin tattalin iyali da zamantakewa, ita ke ɗaukarsu su kaɗai a ajin zana na bayan makaranta. Ta ce mini ranar farko sai da mai gadi ya zo ya ce zai rufe ƙofa.

Sa'a ta uku a tsakar makaranta muke yin ta, da tabarma. Yaro ɗaya ya kwanta ya yi kamar ya faɗi, sauran su nuna abin da za su yi. Kullum sai wani ya ruga neman cokali, kullum sai in nuna haƙorina, a yi dariya. Sannan mu yi yadda ya kamata: a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a sa komai a baki, kada a ba shi ruwa, idan jijjigar ta lafa a juya shi kan gefe, a duba agogo, idan ta wuce minti biyar a nemi abin hawa. Miyau ba ya sa wa kowa farfaɗiya. Wanda kuma ya sha ƙwaya ya yi barcin da ake jijjiga shi ba ya tashi, numfashi sama-sama, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, ba barin sa ake yi ya huce ba, gidan likita ake kai shi a lokacin.

Akwai abin da ke ba ni haushi duk shekara. Ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, muna gani a talabijin ana jawabi, jami'an OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, suna nuna abin da suka kama, ana cinna wa tarin kwalaye wuta. Aikinsu ne kuma suna yi. Amma a wannan ranar ajujuwanmu sun watse, yaran ƙauye sun koma gida shuka da noman farko, wato daidai lokacin da wa ko kawu zai miƙa wa yaro rabin ƙwaya ya ce sha ka ga yadda za ka gama kunyar nan kafin azahar. Saboda haka ni a watan Mayu nake maimaita darasin, cikin zafin nan da yara ke gyangyaɗi, kafin su tafi.

Ban san mutum nawa abin ya hana ba, ba ni da hanyar ƙirgawa. Na san wata ɗalibata ta taɓa ture manyan samari a wata fada ta juya yayanta kan gefe, ta ƙwace cokali daga hannun wani, ita ta zo ta gaya mini tana alfahari. Na kuma san yaron bencin baya bai ci BEPC ba, ya bi mota ya yi arewa wajen zinariya. Ya kira ni sau ɗaya, layin yana yankewa, na tambaye shi ko yana sha, ya yi dariya ya ce, "Mushe, nan ko liman sha yake." Ban sake jin muryarsa ba. Ni kaina har yanzu idan na hango tiren nan a bakin tasha da safe, bakina yana tara miyau, shi ya sa na canza hanyar zuwa makaranta ko da ta fi nisa.

Watanni kaɗan da suka wuce, an tashi daga makaranta ina tura babur ɗina zuwa ƙofa, wani ɗan kabu-kabu mai furfura a gemu ya tare ni. Ban gane shi ba sai da ya faɗi ko shi baban wa ne: baban yaron bencin baya. Na zaci faɗa ya kawo. Ya duba hagu da dama, ya zaro kati daga aljihun rigarsa, saura ƙwaya uku a jiki, ya ce shi bai yi lakwal ba, in karanta masa lambar. Na ce 225. Ya ce guda biyar yake sha yanzu, kuma shekaran jiya ya farka ya gan shi kwance a gefen titi, fasinjar da ya ɗauko tana zaune tana kuka da jini a gwiwa. Ya ce yaron kafin ya tafi ya gaya masa wai malaminsu ya san wani manjo.

Na ce manjon yana nan, sai ƙarfe biyar yake tashi. Ya tada babur ya ce in hau. Na ce a'a Baba, ka ajiye naka wajen mai gadi, ka hau bayana.